Ɗumamar Duniya: Masu Cewa An Makara Ba Su Leƙa Kasuwa Ba

Shekarar 2024 ce mafi zafi da aka taɓa aunawa tun da aka fara ajiye lissafin yanayi. Hukumar Kula da Yanayi ta Duniya ta ce matsakaicin zafin doron ƙasa a shekarar ya ɗara na kafin zamanin masana'antu da kimanin digiri 1.55 a ma'aunin Salshiyas. A farkon watan Afrilunta, ana cikin azumi, zafi ya kai digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali. A watan Satumba madatsar ruwan Alau ta ɓalle, ambaliya ta mamaye babban ɓangaren Maiduguri. Babu mai hankalin da zai yi jayayya da waɗannan. Abin jayayya shi ne hukuncin da ake ɗorawa a kansu, wanda ya zama yayi a shirye-shiryen rediyo da tarukan ƙara wa juna sani da zaurukan WhatsApp, wai an riga an makara, sai dai kowa ya naɗe hannu ya jira. An sake jin wannan magana daga bakin masu kiran kansu masana. Sun jero masifu reras, amma ba wanda ya ambaci ko abu guda da ya sauya cikin shekara goman da suka wuce. Magana ce mai daɗin faɗi, tana sa mai yin ta ya yi kama da mai zurfin tunani, sai dai ba ta yi daidai da alƙaluman da ke ƙasa ba.

Kafin a ƙulla Yarjejeniyar Paris a watan Disambar 2015, hasashen masana shi ne duniya ta nufi ƙarin zafi na kusan digiri 4 zuwa shekarar 2100. Rahotannin da Majalisar Ɗinkin Duniya ke fitarwa a 'yan shekarun nan suna ajiye hasashen tsakanin digiri 2.8 da 3.1, idan ƙasashe suka ci gaba da manufofin da suke kai yanzu. Wannan ma bala'i ne, musamman ga yankin Sahel, inda manomin gero ke rayuwa a kan ruwan wata uku zuwa huɗu. Amma an zabge wajen digiri guda daga hasashen cikin shekara goma, kuma wanda ya san bambancin ranar da zafi ya kai 40 da ranar da ya kai 44 a Sakkwato ba zai raina hakan ba.

Akwai kuma wani abu a kimiyyar da masu yanke ƙauna ba su cika faɗa ba. Kwamitin masana na Majalisar Ɗinkin Duniya kan sauyin yanayi, wato IPCC, ya bayyana a rahotonsa na 2021 cewa zafi yana ƙaruwa ne daidai gwargwadon jimillar iskar kabon da aka tara a sararin samaniya. Ranar da abin da ake fitarwa ya daidaita da abin da ake janyewa, ƙaruwar zafin za ta tsaya kusan a inda take. Saboda haka digiri 1.5 da aka sa a gaba a Paris buri ne da aka zaɓa, babu wata ƙofa da ke rufewa idan aka tsallake shi. Tsayawa a 1.7 ya fi 2 sauƙi, 2 kuma ya fi 2.5, kuma kowane ɗigo da aka rage rayuka ne da gonaki da dabbobi. Wanda ya ce tun da za a wuce 1.5 to aikin ya zama banza, bai karanta rahoton da yake kafa hujja da shi ba.

Abin da ya fi lanƙwasa hasashen nan shi ne farashi. A tsakiyar shekarun 1970, farantin sola na wat ɗaya yana kai kusan dala 100 a darajar kuɗin yau, shi ya sa ba a ganinsa sai a jikin taurarin ɗan Adam da wuraren da waya ba ta kaiwa. A shekarar 2000 Jamus ta kafa doka da ta tilasta wa kamfanonin lantarki sayen wutar sola a farashi mai tsoka. Buƙata ta tashi, masana'antun ƙasar Sin suka shigo da ƙarfinsu, kuma duk lokacin da yawan farantan da aka ƙera a duniya ya ninka, farashi yakan sauka da kusan kashi 20 cikin ɗari. Yau wat ɗaya a bakin masana'anta bai wuce santi goma da ɗoriya ba. Kuɗin samar da wuta daga manyan tashoshin sola ya faɗi da kusan kashi 90 cikin ɗari tsakanin 2010 da 2023. Hukumar Makamashi ta Duniya, wadda aka kafa a 1974 don kare muradun ƙasashe masu sayen mai, kuma ta daɗe tana raina sola a hasashenta, ita da kanta ta rubuta a 2020 cewa a wurare masu kyawun rana sola ce wuta mafi arha da aka taɓa samu a tarihi. Daga wannan lokaci, rage hayaƙi ya daina zama sadaukarwar da ake roƙon ƙasashe su yi, ya zama ciniki mai riba.

Babu inda wannan ya fito fili kamar Pakistan, kuma labarinta ya cancanci a tsaya a kansa. Ƙasa ce mai mutane sama da miliyan 240, mai fama da bashi da ɗaukewar wuta, ba ta da kuɗin da za ta ba kowa tallafin sola. Tsakanin 2021 da 2024 kuɗin wuta ya ninka fiye da sau biyu, saboda sharuɗɗan Asusun Ba da Lamuni na Duniya da kuma tsofaffin kwangilolin da suka wajabta wa gwamnati biyan masu tashoshin wuta ko sun samar da wutar ko ba su samar ba. A daidai lokacin farantan Sin suka yi arha. Ba wanda ya kira taro, ba wanda ya ƙaddamar da shiri da kakaki. Masu masaƙu suka rufe rufin masana'antunsu da faranta, masu shaguna suka bi, manoman Punjab suka cire injin dizal daga rijiyoyinsu suka sa na sola, masu gidaje a Lahore da Karachi suka shiga rububi. A shekarar 2024 kaɗai ƙasar ta shigo da farantan da ƙarfinsu ya kai kimanin megawat 17,000, wato fiye da kashi ɗaya cikin uku na dukkan ƙarfin tashoshin wutar da ta gina tun samun 'yancinta. Abin ya zo wa hukumomi ba zato, har sai da masu bincike suka koma ga takardun kwastan na Sin da hotunan tauraron ɗan Adam kafin a gane girmansa. Buƙatar wutar gwamnati da rana ta ragu, haka ma dizal ɗin da ake ƙonawa a gonaki. Manomin da ya yi wannan bai san me aka tattauna a Paris ba, kuma ba ruwansa. Ya duba aljihunsa ne ya ga abin da ya fi masa. Akwai illa, domin talakan da bai iya sayen faranti ba shi aka bari da nauyin kuɗin wutar gwamnati, kuma ruwan ƙarƙashin ƙasa yana shan ja fiye da da. Amma darasin bai sauya ba: abin da aka yi shekara talatin ana roƙo a zaurukan taro, arha ta aiwatar da shi cikin shekara biyu.

Duk wanda ke zaune a Arewa ya san wannan labari ko da bai taɓa jin sunan Punjab ba. Ranar 29 ga Mayun 2023 aka janye tallafin mai, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 har ta haura 1,000 a ƙarshen 2024. A watan Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin wutar rukunin farko daga naira 68 zuwa 225. A watan Oktoba kuma, bayan lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, yawancin jihohin Arewa suka kwashe fiye da mako guda cikin duhu. Janareta ya zama kayan ado a gidaje da yawa. Yanzu sai a duba rufin mai aski, da rumfar mai cajin waya, da kantin mai sayar da ruwan sanyi da ƙanƙara, da masallatan unguwa, da rijiyoyin burtsatse na ƙauye. A fadamun Jigawa da Kano da Kabi, manoman rani da suka kusa barin shinkafa da albasa saboda tsadar fetur sun fara komawa injin ban-ruwa mai aiki da rana, haka ma masu lambunan Agadas. Cibiyar nazarin makamashi ta Ember ta ƙididdige cewa cikin wata goma sha biyu zuwa Yunin 2025 farantan da Afirka ta shigo da su daga Sin sun ƙaru da kashi 60 cikin ɗari, kuma Najeriya ce ta biyu bayan Afirka ta Kudu, da kimanin megawat 1,700. A ƙasar da babban layin wutarta ke rarraba megawat 4,000 zuwa 5,000 ga mutane sama da miliyan 200, idan bai faɗi ba, wannan adadi ba ƙarami ba ne. A Nijar ma, tashar sola ta Gorou Banda mai megawat 30 ta fara aiki a 2023, daidai lokacin da Najeriya ta yanke wa Yamai wuta bayan juyin mulki.

A nan ne abin takaicin yake, kuma wannan shafi ya sha faɗa. Tun shekarun 1970 ake maganar madatsar Mambila. An sa hannu, an sake sa hannu, an yi shari'a a ƙasashen waje, megawat 3,050 ɗin har yau suna kan takarda. Amma farantan da aka shigo da su ƙasar cikin shekara guda sun haura rabin wannan. Gwamnatin da ta gaza ba su wuta, maimakon ta sauƙaƙa musu, sai ga shi a 2025 wani minista ya fito yana maganar hana shigo da faranta, wai don a ƙarfafa masana'antun cikin gida. Waɗanne masana'antu, masu ƙera nawa a shekara, kuma a wane farashi? Wannan ƙasa ce da sunayen mutum 1,411 suka fito a jerin wakilanta zuwa taron yanayi na Dubai a 2023, gwamnati ta amsa cewa ita ta ɗauki nauyin 422 daga ciki. Kuɗin jirgi da otal da alawus na wannan ayari da an zuba su a injinan ban-ruwa, da ƙauyuka nawa sun yi noman rani? An yi alkawari a Glasgow a 2021 cewa Najeriya za ta daidaita hayaƙinta nan da 2060, an kafa dokar sauyin yanayi a shekarar, amma har gobe ana ƙona iskar gas a banza a yankin Neja Delta. Kasuwa kuma ta cika da jabun batura da farantan da aka liƙa musu lambar ƙarya, mutum ya tara kuɗin shekara ya saya, kafin damina ta zagayo sun mutu. Irin waɗannan jami'ai su ne maganar “an makara” ta fi yi wa daɗi, domin idan babu abin da za a iya yi, to babu wanda za a tuhuma da rashin yi.

Masu suka sukan ce rana tana faɗuwa, kuma gaskiya ne. Amsar ita ce batir, shi ma ya bi sawun faranti. Farashin batirin litiyam ya sauka da kusan kashi 90 cikin ɗari daga 2010, ya kai dala 115 kan kowane kilowat-awa a 2024. Jihar Kalifoniya ta Amurka tana da batura masu ƙarfin sama da megawat 10,000, suna tara wutar rana su sake ta bayan magariba. Batirin nan ne kuma ya ɗaga motoci masu aiki da lantarki: an sayar da fiye da miliyan 17 a duniya a 2024, wato mota ɗaya cikin kowace biyar da aka sayar. A shekarar, a Sin sun kusa rabin sababbin motoci, a Norway kusan tara cikin goma. Habasha, wadda ba ta da mai amma tana da ruwan Nilu, ta hana shigo da motocin fetur na masu zaman kansu a 2024 don ta huta da kashe kuɗin waje. Ita ma lissafin aljihu ta yi.

Manyan ƙasashe masu hayaƙi su ne ma'aunin ƙarshe. Birtaniya, inda aka fara kunna tashar wuta mai ƙona kwal a 1882, ta rufe tasharta ta ƙarshe, Ratcliffe-on-Soar, ranar 30 ga Satumbar 2024, alhali a 2012 kwal ke ba ta kusan kashi 40 cikin ɗari na wutarta. Hayaƙinta ya ragu da fiye da rabi daga 1990, na Tarayyar Turai da fiye da kashi ɗaya cikin uku, tattalin arzikinsu kuma bai daina girma ba. Sin, wadda ke fitar da kusan kashi 30 cikin ɗari na iskar kabon ta duniya, ta yi alkawari a 2020 cewa za ta kafa gigawat 1,200 na sola da iska zuwa 2030, ta cika shi a 2024, saura shekara shida. A wannan shekara kaɗai ta kafa sola kusan gigawat 277. Har yanzu tana gina tashoshin kwal, kuma hayaƙin duniya gaba ɗaya bai fara sauka ba, ya ma kafa sabon tarihi a 2024. Sai dai masu bin alƙaluman Sin wata-wata sun nuna cewa daga Maris na 2024 hayaƙinta ya daina hawa na tsawon fiye da shekara, kuma a rabin farko na 2025 wutar da duniya ta samu daga makamashi mai sabuntuwa, irin su rana da iska da ruwa, ta zarce ta kwal a karon farko. Kuɗin jari ma ya juya: kowace dala ɗaya da ke shiga mai da gas da kwal, kusan biyu ke shiga makamashi mai tsafta. Donald Trump ya sake ba da umarnin fitar da Amurka daga Yarjejeniyar Paris a Janairun 2025, wannan kuma koma-baya ne na gaske, amma jihar Texas, cibiyar man ƙasar kuma tungar jam'iyyarsa, ita ce kan gaba a wutar iska a Amurka, don masu jari sun ga riba.

Tarukan ƙasa da ƙasa ma ba duka suka zama shan shayi ba. Yarjejeniyar Montreal ta 1987 ta hana sinadaran firiji da na feshi da ke huda lulluɓin ozon, duk ƙasashen duniya suka sa hannu, kuma ana sa ran lulluɓin zai warke a yawancin duniya wajen 2040. Gyaran da aka yi mata a Kigali a 2016 zai iya rage ɗumama da abin da ya kai rabin digiri zuwa ƙarshen ƙarni. A Brazil, sauyin gwamnati da tsaurara tsaron daji sun rage sarar dajin Amazon da kusan rabi tsakanin 2022 da 2024.

Maganar itatuwa kuwa, misalin da ya fi kowanne yana ƙasar Hausa. Bayan farin shekarun 1970 da na 1984, gonakin Maraɗi da Damagaram sun zama fili fetal, iska tana binne shuka da rairayi, manomi ya yi shuka sau biyu ko uku kafin ta kama. An kashe kuɗi masu yawa ana dasa itatuwan waje, yawancinsu suka mutu. A farkon shekarun 1980 wani masanin noma ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo, da ke aiki a Maraɗi, ya lura cewa ƙananan tsirrai da ake sassabewa kowace bazara tohon tsofaffin kututture ne masu saiwa da rai a ƙarƙashin ƙasa. Idan aka zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi aka bar su, aka datse sauran, cikin 'yan shekaru sai su zama itace. Dabarar ba baƙuwa ba ce ga manoma. Abin da ya hana su yi a da shi ne doka, domin itace na gwamnati ne, ma'aikacin gandun daji yana iya cin tarar mutum kan bishiyar da ke tsakiyar gonarsa, don haka kowa ya gwammace ya tumɓuke ta tun tana ƙarama. Da aka sassauta wannan, manomi ya tabbata itacen nasa ne, sai wannan dabara, wato sassaben zamani, ta bazu daga gona zuwa gona ba tare da kwangila ba. Gawo ya dawo, yana zubar da ganye da damina ya ba ƙasa taki, da rani ya ba dabbobi abinci. Kalgo da sabara da aduwa suka dawo, mata suka rage doguwar tafiyar neman itacen girki. Lokacin da masu bincike suka kwatanta tsofaffin hotunan sama da sababbi a shekarun 2000, sun tarar da kimanin hekta miliyan 5 da suka farfaɗo, da itatuwa wajen miliyan 200. A tsallaken iyaka a Najeriya kuwa, ana ta bikin dashen itace kowace shekara, gwamna ya dasa ɗaya a gaban kyamara, akuya ta cinye kafin sati.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya wanke ƙasashe masu arziki. Afirka ba ta fitar da ko kashi 4 cikin ɗari na hayaƙin duniya, dala biliyan 100 da aka yi alkawarin bayarwa duk shekara daga 2020 ba ta cika ba sai 2022, yawancinta kuma bashi ne, sannan biliyan 300 da aka amince da ita a Baku a 2024 ba ta kai abin da ake buƙata ba. Zafin da aka riga aka tara ba zai koma ba, ambaliya da fari za su ƙaru kafin al'amura su daidaita, kuma dole a gyara madatsun ruwa da magudanai ko da gobe duniya ta daina ƙona kwal.

Amma kayan aikin rage ɗumamar suna nan, sun yi arha, kuma jama'a na sayensu da kansu daga Lahore har Haɗeja. Abin da ya rage a hannun gwamnatocin Abuja da Yamai da na jihohi bai fi ƙarfinsu ba. A bar ƙofar shigo da faranta da batura a buɗe ba tare da haraji mai nauyi ba, a kama masu shigo da jabu, a ba manoman rani bashin injin sola da za su biya bayan girbi, a sa sola a asibitocin ƙauye kafin gidajen gwamnati, kuma a rubuta a doka cewa itacen da manomi ya raina a gonarsa nasa ne. Duk jami'in da ya tsaya gaban jama'a ya ce an makara, a tambaye shi wanne daga cikin waɗannan ya yi.